Mazan jiya, ya kuke ji in kuna kallon fim ɗin yaƙi da na kaboyi?

Saje Mai Ritaya:
Assalamu alaikum mazan jiya da 'ya'yan bariki. Tambaya gare ni ga duk wanda ya taɓa sa kaki, shin har yanzu kuna iya zama ku kalli fim ɗin yaƙi ko na kaboyi ko irin na su Rambo ku ji daɗinsa kamar da? Ni dai tunda na ajiye aiki abin ya rabu min biyu, na kaboyi ina kallo har shayina ya huce ban sani ba, amma na yaƙin zamani sai in tsinci kaina ina ƙirga harsashi maimakon in bi labari. Kowa ya faɗi nasa.

Tsohon Samanja:
Wa alaikumus salam Saje, ai ka taɓo min inda yake min ƙaiƙayi. Ni yarana sun daina kallo da ni gaba ɗaya, wai ina ɓata musu fim. To ya zan yi shiru jama'a? AK-47 harsashi 30 take ɗauka a magazin, in ka danne kunama ba ka ɗaga yatsa ba cikin daƙiƙa 3 ta ƙare tas, amma akta zai yi minti biyar yana feshi bai canja magazin ba kuma kowane harsashi ya samu mutum. Bindigar FN da muka fara riƙewa a Depot Zariya ma 20 ce kawai. Sannan mashinga irin GPMG da ta haura kilo 11 ba a sa bel ɗin harsashi ba, wai mutum ya riƙe ta da hannu ɗaya yana gudu tsirara daga wuya zuwa cibiya, alhali mutum biyu ake ba ta kuma in ta yi aiki sosai dole ka canja bututun don zafi. Gurneti kuwa a fim sai ka ga wuta ta tashi sama da bene, na gaske ƙara ce da ƙura da ɓaraguzan ƙarfe, su ne ma masu kisan. Duk da haka ina kallo fa, kar ku ce ba na kallo hhh

Ɗan Ecomog:
Oga Samanja ni ƙirgen harsashi bai dame ni ba, ƙarya ce mai daɗi kowa ya san ƙarya ce. Abin da ba su taɓa sawa a fim shi ne jira. Mun yi Laberiya mun yi Saliyo a Ecomog, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, wallahi mafi yawan aikin zama ne a shingen bincike ko cikin rami ruwan sama na dukanka, takalmi bai bushe ba ƙafa ta yi fari ta fara ruɓewa, sauro ga zazzaɓi, ga yunwa, ga tunanin gida ba waya ba komai sai wasiƙa in wani zai tafi hutu, sannan rana ɗaya a rikice komai cikin minti goma ba ka ma ga wanda ke harbinka ba sai dai ka ji harsashi ya wuce kunnenka kafin ƙarar bindigar ta iso. Kuma fim ba shi da wari. Wanda ya shiga Firitawun, babban birnin Saliyo, bayan 6 ga Janairu 1999 da 'yan tawaye suka afka wa garin ya san abin da nake nufi, ba zan ƙara a kan haka ba.
Da fim ɗin Blood Diamond na yaƙin Saliyo ya fito a 2006 na je gidan kallo da ɗoki ina cewa yau za a nuna mu, sai na ga labarin Bature ne da dutsen daimon, mu da muka binne abokan aiki a ƙasar da ƙyar ka ga alamarmu. Yawancinsa ma a Mozambik da Afirka ta Kudu aka ɗauka. Yaran nan masu bindiga dai sun nuna su daidai, haka suke, wani bindigar ta kusa kai tsawonsa.

Kofur Mogadishu:
Ɗan uwa haka aka yi mana a Somaliya. Fim ɗin Black Hawk Down ta fannin ƙara da ruɗewa da yadda rediyo ke cika da ihu kowa na magana lokaci ɗaya, ban ga fim ɗin da ya kai shi ba, har yau in na kalla sai tafin hannuna ya jiƙe. Amma faɗan Mogadishu na 3 zuwa 4 ga Oktoba 1993 da aka kashe Amurkawa 18, sojojin Malesiya da na Pakistan ne suka shiga da motocin sulke da tankoki aka fito da su, ɗan Malesiya ma ya rasa ransa a daren, a fim kuwa wucewa kawai aka yi ta kansu. Wata ɗaya kafin nan, a farkon Satumba, an kashe mana sojojin Najeriya 7 a garin, kuma ranar da mutanen Janar Aidid, madugun mayaƙan Somaliyan, suka saki matuƙin jirgin Amurka da suka kama a faɗan, tare da wani sojanmu da suka kama aka sake su. Wa ya taɓa jin wannan a fim? A Maroko aka ɗauke shi, duk wanda ya zauna da Somaliyawa kallo ɗaya zai wa fuskokin ya gane ba su ba ne.

Ɗan Bariki 82:
Baba ne ya ce in rubuta masa, shi ya yi yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 kuma idonsa bai kama rubutun waya yanzu. Ya ce a gaishe da kowa. Ya ce shi fim ɗin kaboyi kawai, tun zamanin da suke zuwa Plaza da Eldorado a Kano in an ba su fas, a biya kuɗin benci a zauna sararin Allah, in akta ya zaro bindiga duk silima ta ɗau ihu. Dalilinsa wai a kaboyi ka san maƙiyinka, yana tsaye a gabanka rana tsaka kun haɗa ido, wanda ya riga zarowa shi ya ci, shi kuwa yaƙin da ya gani igwa ce ke faɗowa daga inda ba ka sani ba ta ɗauke wanda kuke cin abinci kwano ɗaya. Ya ce ko ƙirge ma ya fi sauƙi, libarba harbi 6 take yi, in Clint Eastwood ya yi na bakwai ka kama shi. Abin da ke ba shi haushi dokin ne, Baba ɗan gidan masu doki ne, ya ce ba dokin da zai yi sukuwa tun safe har la'asar ba ruwa ba harawa, da tuni ya faɗi. Da na gaya masa waɗancan finafinan na wajen 1966 'yan Italiya ne suka yi su a hamadar Almeriya ta ƙasar Sifen ba a Amurka ba sai ya ce ƙarya nake, har yanzu bai yarda ba.
Kuma ya ce a tambaya, kakanmu ya je yaƙi ƙasar Bama (Burma) a yaƙin duniya na biyu, sojojin runduna ta 81 da ta 82 'yan Afirka ta Yamma ne kuma da yawansu da Hausa suke magana da juna, me ya sa 'yan fim ɗinmu ba su taɓa yi mana wannan ba sai soyayya da rawa?

Ɗan Ecomog:
Ranka ya daɗe Baba, Allah ya ƙara lafiya. Kuɗi ne, kaki da bindigu da daji ba irin falo da kujeru ba ne.

Abzinawa Soja:
Gaisuwa daga Damagaram. Ni na yi aiki wajen Dirku da Madama a hamadar arewacin Nijar, abin dariyata shi ne fim ɗin hamada, akta ya yini cikin rairayi ba ya shan ruwa, ba ya goge bindiga, mota ba ta kafewa. Mu can rabin aikin tono taya ne da lissafin jarkar ruwa da mai.

Maman Sadiq:
Ku yi haƙuri iyayena ni ba soja ba ce, matar soja ce. Maigidana kafin ya tafi arewa maso gabas ba wanda ya kai shi son fim ɗin harbe-harbe, kaset da faifai cike da kwali. Tunda ya dawo in yara suka kunna sai ya tashi ya fita tsakar gida, ko ya ce a rage murya, ƙarar jirgi mai saukar ungulu ce ma ta fi tayar masa da hankali, daren kuma ba zai yi barcin kirki ba. Na kaboyi da na Caina masu kareti yana kallo har da dariya. Akwai mai irin wannan a cikinku?

Kofur Mogadishu:
Hajiya akwai, da yawa ma, ba a faɗa ne kawai don kar a ce namiji ya yi raki. Ni na shekara da shekaru a haka. Kar a tilasta masa kallo kuma kar yara su yi masa dariya, sannan ki lallaɓa shi ya ga likitan ƙwaƙwalwa a asibitin soja, ba hauka ba ne ciwo ne mai magani, ya kuma riƙa zama da waɗanda suka je can tare. Rambo na farko na 1982 da mutane ke ɗauka fim ɗin dambe ne, ki kalli ƙarshensa inda ƙaton ya zube ƙasa yana kuka yana ba tsohon kwamandansa labarin abokinsa da bam ya tarwatsa a Biyetnam, wurin nan kaɗai ne gaskiya a cikinsa, sauran da suka biyo baya kasuwa ce.

Maman Sadiq:
Na gode Baba, Allah ya saka da alheri, zan gwada.

Saje Mai Ritaya:
Allah ya ba shi lafiya Hajiya. Ni wanda na kasa ƙarasawa shi ne Tears of the Sun na 2003, wai a Najeriya abin ke faruwa amma a Hawai aka ɗauka, aka mai da sojanmu mahauta, Fulani Musulmi su ne bos, Bruce Willis da yaransa 'yan tsiraru su ne masu ceto. Rabi na kai na kashe talabijin.

Tsohon Samanja:
Saje ai ka yi ƙoƙari da ka kai rabi. Wani abu kuma kafin in tafi masallaci, ku gaya wa yaran nan ƙofar mota ba ta tare harsashin AK, shiga yake ta nan ya fita ta can, in dole ne sai bayan inji. Jiya jikana yake min gardama a kan haka wai a fim ya gani.