Ƙanena ya daina cin tuwon Inna saboda wani malami, ku ba ni shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Daga Tawa nake rubuto muku, zuciyata a cunkushe. Ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Shekara 6 ya yi yana bida a Abijan, ya dawo bara ya sayi babur yana kabu-kabu, ya yi aure. Sai wani abokinsa ya kai shi wurin wani malami a bayan gari, a yi masa addu'ar buɗi. Da fari har murna muka yi, don ya bar zaman fada da shan shayi har tsakar dare.

Yau wata 8 ke nan. Ya sayar da babur ɗin jika 400, ya kai wa malamin kuɗin duka, wai tsarkake dukiya. Ya bar sallah a masallacin unguwa, ya ce limaminmu ba shi da haske. Matarsa ta ce ko awon ciki za ta je sai an nemo izini daga can. Wanda ya fi ci mini rai, ya daina cin abincin Inna. Malamin ya gaya masa a gidanmu aka yi masa sammu, kuma duk wanda ya hana shi zuwa, shaiɗan ne ke magana da bakinsa. Inna takan zuba tuwonsa ta rufe, da safe ta ba almajirai. Kawu ya ce a tara dangi a ɗaure shi, in ya ƙi Inna ta ɗaga masa nono. Me za mu yi?

Wata uwa daga Konni: Ƙanwata, don girman Allah ku hana Kawu. Ɗiyata ta yi shekara 2 a hannun irin wannan mutum. Ranar da muka taru muka zazzage ta, can ta gudu tana kuka, shi kuwa ya ce mata ai dama ya faɗa mata ba ma ƙaunarta. Da hannunmu muka miƙa masa ita. Daga baya na canza, kullum sai na kira ta na tambayi lafiyarta, ban ƙara ambaton malamin ba ko sau ɗaya. Ranar da ido ya raina fata, ni ta fara kira. A ce wa Inna ta ci gaba da zuba tuwon nan.

Wani malamin Islamiyya daga Madawa: Allah ya shirye shi. A Suratu Lukman, aya ta 15, Allah ya ce ko iyaye sun matsa wa ɗa ya yi shirka, kada ya bi su, amma ya zauna da su da kyautatawa. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi (SAW) game da mahaifiyarta da ba ta musulunta ba, ya ce ta sada zumunci da ita. To ina wani zai samo hujjar raba ɗa da uwa mai sallah? Amma Hajiya kada ki jefa masa ayar cikin faɗa. A nemo wanda yake jin nauyinsa, ya tambaye shi fassararta kamar mai neman sani, ya karanta da bakinsa.

Wani ɗalibi daga Yamai: Yaya, kada a ɗauki abin da wasa. Maitatsine a Kano da wa'azi ya fara tara yara, a Disamba 1980 mutum fiye da 4,000 suka mutu. A Kenya, a 2023, aka fara tono gawawwaki a dajin Shakahola, sun haura 400, mabiyan Paul Mackenzie da ya sa su ƙin cin abinci har mutuwa. Da yawa daga cikin mabiyan nan sai da aka fara raba su da danginsu. Ku rubuta ranar da aka sayar da babur da waɗanda suka shaida, ku ɓoye takardun gida da na gona tun yau.

Wani direba daga Illela: Ni dai a kai ƙara jandarma kawai.

Wani da ya taɓa shiga hannun irin wannan malami: Ɗan uwa, in an kai yanzu yaron da kansa zai ce kyauta ya bayar, a tashi a tutar babu. A bar wannan sai in an taɓa lafiyar matar ko ana shirin kwashe su zuwa daji, nan kam ba jira. Ni shekara 3 na yi a ciki. Ana hana mu barci da sunan wuridi, kowa yana kai rahoton ɗan uwansa, in ka yi tambaya a ce imaninka ya yi rauni. Na daɗe da gane ƙarya ce, kunyar komawa gida hannu rabbana ce ta riƙe ni. Wana ya aiko mini cewa shagonsa na buƙatar mai tsaro, bai ce mini komai a kan abin da na ɓatar ba. Da wannan na fito. Ku tanadar masa abin yi tun kafin ya waiwayo.

Mai tambaya: Na gode, Allah ya bar zumunci. Na karanta wa Inna duka, ta yi kuka, ta ce bakinta ba zai taɓa faɗin mugun abu a kansa ba. Gobe da kaina zan raka matarsa awo, daga can in wuce wurin Kawu. Ku sa mu a addu'a, don Kawu ne mai wuyar shawowa.