Neman shawara kan wasan besbol na ɗana: na ƙirga jifa 72, su sun rubuta 50

Baban Hanif:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku yi haƙuri da tsawon rubutun, tun ranar Asabar ban yi barcin kirki ba. Na zo New York a 2009, tasi nake ja, aikin dare. Hanif a nan Bronx aka haife shi, shekararsa 11. Ni ƙwallon ƙafa na sani, ita na buga a Fagge har ƙafata ta samu matsala, kuma ita na so ya buga. Amma benen da muke duk 'yan Dominika ne, tun yana ɗan shekara 5 yaran maƙwabta suka saka masa safar besbol a hannu, wasan nan da ɗaya ke jefa ƙwallo ɗaya ke bugunta da sanda. In muka hau jirgi mai lamba 4 muka zo wucewa ta filin besbol na Yankee, sai ya manna goshinsa a gilashi har mu wuce. Uwarsa ta ce in bar shi, ya fi yawon titi. Na bar shi. Shekara uku kenan yana buga wa wata ƙungiyar unguwa da ke bin dokokin Little League, wato hukumar da ke shirya gasar besbol ta yara (lig), bana aka mai da shi mai jifa.

Kocinsu mutumin kirki ne, wallahi ba zan ɓoye alherinsa ba. Shi yake ɗaukar Hanif a motarsa in ina barcin rana, shi ya saya masa safa da tasa ta yage, lokacin azumin bana ma shi ya ce yaron ya zauna a inuwa kada ya wahala. Ranar Asabar na samu na je kallo. Na ji ana cewa ana ƙirga jifan yara, ni kuma carbina na hannu, sai na riƙa ja ɗaya duk jifa. Da aka cire shi a zagaye na huɗu ina kan 72. Bayan wasa na leƙa takardar mai ƙirga, wadda matar kocin ce, na ga 50. Yau da rana koci ya turo saƙo wai Hanif ne zai fara jifa gobe Talata ƙarfe 6, wasa ne mai muhimmanci. Jiya kuma na ga yaron yana ɗaga kofin shayi da hagu, alhali da dama yake jifa. Na tambaye shi ya ce ba komai. Me zan yi? Ba na son in zama butulu.

Alhaji Sani Houston:
Wa'alaikumussalam. Malam, ka zo wurin da ya dace, 'ya'yana uku duk sun bi ta wannan layin, shekara 6 kuma ni nake riƙe takardar ƙirga a ƙungiyarmu. Saurara da kyau. Ɗan shekara 11 zuwa 12 ba ya wuce jifa 85 a rana, ɗan 9 zuwa 10 kuma 75, ɗan 7 zuwa 8 jifa 50. To 72 bai karya wannan ba. Inda maganar take shi ne hutu. Jifa 1 zuwa 20 babu hutu, 21 zuwa 35 kwana ɗaya, 36 zuwa 50 kwana biyu, 51 zuwa 65 kwana uku, 66 zuwa sama kwana huɗu. Yanzu duba: in 50 ne, ya huta Lahadi da Litinin, Talata ya halatta. In 72 ne, sai Alhamis. Ka ga abin da ya sa alƙalamin ya tsaya cak a kan 50? Ko 51 aka rubuta da gobe ba zai yi jifa ba. Wannan ba kuskure ba ne, da gangan aka yi. Yau ɗin nan ka rubuta wa shugaban kwamitin lig ɗinku, a rubuce, ba waya ba. Tun 2007 aka kawo dokar ƙirga jifa saboda irin waɗannan kocin.

Maman Zara:
Allah ya ba yaro lafiya. Ni dai ban yi mamaki ba. Ku naku ana yawan saka shi, tawa kuwa benci take ɗumamawa. Doka ta ce duk yaron da ya zo wasa dole ya tsaya tsaro har a fitar da mutum shida, kuma ya riƙe sanda sau ɗaya aƙalla. Sau biyu Zara ta dawo gida rigarta fes ko ƙura babu, tana kuka a bayan mota. Na kai ƙara, aka ce an yi wa kocin gargaɗi, wasa na gaba aka fara da ita, daga nan sauran iyaye suka daina amsa gaisuwata. Tun 1974 aka yarda 'yan mata su buga, amma har yau in suka ga yarinya da ɗankwali a ƙarƙashin hula sai ka ga kallon. Kuɗin rajista kuwa ɗaya muka biya da kowa.

Baban Hanif:
Na gode Alhaji. Amma rubuta wa kwamiti fa zai yi nauyi. Mutumin nan ba albashi ake biyansa ba, sa kai yake yi, daga aikin gini yake wucewa fili da takalminsa na aiki. Kuma a watan Yuni ake zaɓen gwanayen lig, Hanif tun bara yake maganar. In na ɓata da koci wa zai sa sunansa?

Malam Idi Columbus:
Ɗan'uwa, tambaya ɗaya kafin a yanke wa mutum hukunci. Da kake jan carbin, ka haɗa da jifan ɗumama hannu da suke yi a farkon kowane zagaye kafin mai sanda ya shigo? Waɗannan ba a ƙirga su. Ana ba su har takwas. Zagaye huɗu, in ya yi biyar ko shida kowane, ai ga 22 ɗinka nan. Zato zunubi ne, kada a ɗora wa matar mutane ƙarya a banza.

Baban Hanif:
Malam Idi, na farkon dai ina jin na haɗa, don lokacin ban gane ba. Sauran ina ganin ban haɗa ba. An kuma kira ni a waya a zagaye na uku, amma ban ajiye carbin ba. Ko an cire takwas ai saura 64.

Alhaji Sani Houston:
To ka gani! 64 ma kwana uku ne, sai Laraba. Idi, kullum kai sai ka nemo wa mutane uzuri. Na san akwai sassauci ɗaya: in yaro ya kai iyakar yana tsakiyar jifa wa mutum ɗaya, ana barinsa ya gama da shi, a lissafa masa hutun ƙasa, matuƙar an cire shi kafin ya jefa wa na gaba. Wato ya fara da mutum yana 48 ya gama yana 53, a ba shi kwana biyu. Wannan jifa uku ne ko huɗu, ba 14 ba. Ni a 2016 da idona na kama irin wannan, na tashi a gaban kowa na kira alƙalin wasa, aka dakatar da kocin wasa ɗaya. Har yau ba ya min magana, ni kuma ko a jikina. Mu matsalarmu kunya. Kunyar nan ita ta hana mu komai a ƙasar nan, a makaranta, a asibiti, a wurin aiki. Bature in ɗansa ne tuni ya turo saƙo goma.

Anti Bilki (nas):
Yayana Baban Hanif, duk kun tsaya kan lissafi kun bar kofin shayi. Ni shi ne ya tsaya min a rai. Yaro ɗan 11 ƙashin gwiwar hannunsa bai gama haɗewa ba, akwai wurin girma ta ciki, ɓangaren da ke kallon jiki, kuma kowane jifa jan wurin yake yi. Ciwon har sunan lig ɗin likitoci suka laƙaba masa saboda yawansa a wurin yara masu jifa. Ka sa shi ya miƙe hannayen biyu a gabanka ka ga ko na dama yana miƙewa daidai da na hagu. Ka danna ɗan ƙashin nan da ya fito ta ciki da babban yatsa ka kalli fuskarsa, kada ka saurari bakinsa. In ya yamutsa fuska, ko 10 aka rubuta a takarda gobe ba zai yi jifa ba, ka kai shi likitan yara a duba, wataƙila a yi hoto. Wanda aka kama da wuri hutu ne maganinsa, makonni ba jifa. Wanda aka matsa kuwa ƙashin yana iya ɓallewa har a kai ga tiyata. Wane wuri ne yake masa ciwo? Tun yaushe? Ba ka faɗa ba.

Baban Hanif:
Anti Bilki, uwarsa ta shafa masa man zafi ta gasa da ruwan ɗumi, yau da safe da dama ya ɗauki jakarsa. Yaron ba rago ba ne, ni ma na buga ƙwallo da ciwo. Kuma ƙila ba wasan Asabar ba ne, don Lahadi ya je wurin ɗan maƙwabcinmu da ke buga wa wata ƙungiya ta daban mai yawon zuwa gasa gari-gari, suka ce mutum ɗaya bai zo ba, ya ɗan taimaka musu zagaye biyu.

Anti Bilki (nas):
Innalillahi. Jifa ya yi ranar Lahadin? Yaya, wannan ai shi ya kamata ka fara faɗa. Kocin ya sani?

Baban Hanif:
Bai sani ba. Ba lig ɗaya ba ne, na ɗauka ba ruwan wannan da wancan.

Baba Zongo:
Salamu alaikum jama'a. Ni daga Kumasi nake, shekara 20 a Bronx. Ƙanena, wasan nan duk cin kuɗi ne, ku yarda da ni. A 2018 suka canza dokar sanda, suka ce sai mai tambarin USA Baseball. Sandar da na saya wa jikana sabuwa fil, wata huɗu kacal, alƙalin wasa ya ɗaga ta ya juya ya ce a mai da ita mota. Yaron ya tsaya da hawaye ya ari ta wani. Ga takardun shekaru, ga shaidar adireshi, kamar mai neman biza. Tun abin da ya faru a 2001, da ƙungiyar nan Bronx ta je Williamsport, garin da ake gasar duniya ta Little League, aka gano mai jifansu shekararsa 14 ba 12 ba, mu 'yan unguwar nan ake wa kallon maƙaryata. 'Yan Yuganda ma a 2011 takardun haihuwa suka hana su zuwa, sai 2012 suka samu shiga. Ka cire yaronka ka mai da shi Islamiyya ranar Asabar, hankalinka ya kwanta.

Maman Zara:
Baba, da girmanka, Islamiyya da wasa ba kishiyoyi ba ne. Zara izu 8 gare ta. Abin da muke nema a yi mana adalci kawai.

Alhaji Sani Houston:
Maganar Lahadi ba ta wanke koci ba. Laifin Lahadi naka ne Malam, laifin takarda nasu ne, kowa ya ɗauki kayansa. Hannu ɗaya ne da yaron, bai san sunan lig ba. Ga abin da za ka yi, kada ka ƙara kada ka rage. Ka tura wa koci saƙo yanzu ka ce Hanif ba zai yi jifa ba sai likita ya gani. Ka tura wa kwamiti cewa kana so daga yau kowane ɓangare ya ba da mutum ɗaya su ƙirga tare, su haɗa lissafi duk ƙarshen zagaye, haka muke yi a nan kuma rigima ta mutu. Kada kuma ka yarda ya ce to a mai da shi mai cafewa a bayan mai sanda, wannan ma jifa ne duk minti. Doka da kanta ta hana wanda ya yi jifa 41 ya koma can a ranar, saboda sun san aikin hannu ne.

Malam Idi Columbus:
Ni ban ga amfanin kwamiti ba. Ka same shi kai da shi, ka gode masa, ka gaya masa gaskiyar Lahadi da ta kofin shayi. Mutumin da ya tausaya wa ɗanka da azumi ba zai ƙi ji ba. Maganar 50 kuwa ka bar ta, ba ka da shaida sai carbi, kuma kai da bakinka ka ce an kira ka a waya.

Alhaji Sani Houston:
A bar ta, gobe a yi wa ɗan wani? Haka muke.

Baban Hanif:
Na gode duka, Allah ya saka. Amma ku gane, in na faɗi maganar Lahadi ni za a ga laifina, ƙila ma a ce yaron ya saɓa wata doka a hana shi zaɓen Yuni. In na ce ciwo ne kuma, Hanif ba zai yafe min ba, yanzu haka ya jera rigarsa da hularsa a kan kujera ya goge takalmi. Ina tunanin in bar shi ya yi jifa 20 kawai gobe, tunda 20 ba ta buƙatar hutu, in tsaya kusa da wayar shingen fili in ƙirga da kaina, in ya kai in ɗaga wa koci hannu. Likita kuma sai Juma'a nake da hutu.

Anti Bilki (nas):
Yaya, ka danna wurin da na ce? Don Allah kafin ka fita aiki ka danna ka gaya min.

Baban Hanif:
Ya riga ya yi barci, ba na son in tashe shi, gobe akwai makaranta. Zan duba da safe in na dawo in sha Allah. Alhaji, saƙon kwamitin nan, in mutum ya tura, dole ne sai an ga sunansa?