Saitin bindiga: ido ɗaya kuke kannewa ko duka biyun a buɗe?

Mai tambaya, daga Kura:
Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Tambaya gare ni ga waɗanda suka taɓa riƙe bindiga a bakin aiki, ɗan sanda ne ko soja ko ɗan sintiri ko maharbi. In za ku yi saiti, kanne ido ɗaya kuke ko duka biyun kuke bari a buɗe? Abin da ya taso da maganar shi ne bidiyon mutumin Turkiyyan nan Yusuf Dikeç da ya ci lambar azurfa a Olamfik ɗin Faris a 2024, mutum mai shekara 51, hannu ɗaya a aljihu ɗayan riƙe da ƙaramar bindiga, idanunsa biyu a buɗe tar. Ni kuma tun tasowata kawuna maharbi cewa yake ba saiti sai da kanne ido. Ina da niyyar neman aikin ɗan sanda shi ya sa abin ya tsaya min a rai. Don Allah wanda ya yi da hannunsa nake so ya yi magana, banda labarin majalisa.

Tsohon ɗan sanda, Ringim:
Wa alaikumus salam yaro, Allah ya sa ka dace. Mu da muka shiga aiki da ido ɗaya aka fara koya mana, kuma ba laifi ba ne, don sabon shiga in ka ce ya buɗe duka biyun sai ya ga allon da ake harbi ya zama guda biyu ya rikice. Fistol tana da ɗan tsini a gaba da tsaga a baya, aikinka ka daidaita tsinin nan a tsakiyar tsagar, kuma idonka a kan tsinin gaba yake tsayawa ba a kan allon ba, allon dishi-dishi za ka gan shi kuma haka ake so. To a fili wajen atisaye, kana tsaye ba mai binka, kanne ido yana da daɗi. Amma ranar da aka tura mu kasuwar ƙauye ana hayaniya, mata da yara ta ko'ina, a nan na ga ba zan iya rufe rabin duniya ba. In na kanne hagu duk wanda ya ɓullo ta hagu ban san da shi ba. Daga baya sai na koma buɗe biyun har na yi ritaya, kuma alhamdulillahi ban taɓa harbin mutum ba.

Maharbi, Sumaila:
Yallaɓai Allah ya ƙara lafiya, amma ni fa ina bayan kawun yaron nan. Mu namu ba fistol ba ce, harba-ka-ruga ce ta gado, kuma duk wanda ya san ta ya san in ka ja kunama akwai tartsatsi da hayaƙin albarushi da ke tasowa dab da fuska, wani lokacin ma sai ta ɗan yi jinkiri kafin ta tashi. Wa zai buɗe ido biyu a nan? Ni idon hagu a kanne yake, na daman ma ɗan tsukewa nake. Zomo in ya laɓe ko gada ta tsaya cin ciyawa ai ba sauri ake ba, sai ka nutsu ka ɗora. Na san dattijai da yawa a garinmu masu ɗigo-ɗigon baƙi a kunci, duk albarushi ne.

Wani maharbin, Birnin Kudu:
Ɗan'uwa na Sumaila gaskiyarka a kan abin da yake tsaye, amma zabon daji fa, ko makwarwa in ta tashi fir daga cikin karan dawa? Wallahi in ka tsaya kanne ido ta tafi. Ni abin da ke tashi ko gudu ido biyu nake binsa, bakin bindiga na bin inda idona yake, don da ido ɗaya ba na iya gane nisan abu sosai, sai na ga kamar yana kusa alhali ya yi gaba. Sannan abin da ya fi damuna shi ne farautar gayya. Na taɓa gani da idona, mun yi sahu cikin daji karnuka sun taso zomo, wani bawan Allah ya kanne ido yana bin zomon da bindiga yana juyawa yana juyawa, bai ga yaron da ke riƙe da kare ta gefen hagunsa ba, sai da Sarkin Baka ya daka masa tsawa ya bugi bakin bindigar ta yi sama. Allah ne ya tsare, da yanzu wani zancen ake. Tun ranar a tawagarmu in sahu aka yi ba a yarda kowa ya bi abin gudu da ido a kanne ba, ko dai ka buɗe ko ka bar shi ya wuce.

Ma'aikacin sashen ido, Kazaure:
Ni ba maharbi ba ne, aikin gwajin ido nake, amma na yi harbin danko da ƙuruciya kamar kowa, ku ba ni dama. Kowane mutum yana da idon da ƙwaƙwalwarsa ta fi dogara da shi, kamar yadda ake da badame da bahago a hannu. Wajen kashi biyu cikin uku na mutane idon dama ne ke jagora, sauran na hagu, kuma ba dole ne ya zo ɗaya da hannu ba, za ka samu badame amma idonsa na hagu ne mai ƙarfi. Gwajin ba wuya: miƙe hannuwanka biyu gaba, ka haɗa su ka bar 'yar ƙofa a tsakiya, ka kalli wani abu can nesa ta cikinta da ido biyu, ko kwan fitila ko bututun rijiyar burtsatse. Sai ka rufe hagu, ka buɗe, ka rufe dama. Idon da abin ya tsaya a cikin ƙofar shi ne jagoranka, ɗayan za ka ga abin ya yi tsalle gefe. Mutane da yawa da ake cewa ba su da saiti ba hannunsu ne matsala ba, idon jagoran suke kannewa ba su sani ba. Kuma in ka matse ido ɗaya da ƙarfi ɗayan ma yana ɗan tsukewa, fuska ta gaji, shi ya sa 'yan gasar da yawa ba kannewa suke ba, wani ɗan faifai suke sawa a jikin tabarau ya tare idon yana buɗe. Ku duba hoton 'yar Koriya ta Kudun nan Kim Ye-ji a gasar Faris ɗin, za ku gan shi.

Tsohuwar 'yar sanda, Dambatta:
Malam na Kazaure Allah ya saka da alheri, ni ce irin waɗanda kake faɗa. Da dama nake komai amma idona na hagu ne jagora, a atisaye harsashina kullum gefe guda yake sauka har na fara tunanin aikin ba nawa ba ne. Wani malaminmu dattijo ne ya lura, ya sa na yi irin gwajin nan, sai ya ce kada in canza hannu, in ɗan karkata fuska dama kaɗan yadda tsinin zai zo saitin idon hagu. Shi ke nan fa. A ƙaramar bindiga abin da sauƙi tunda ba a kafaɗa take ba, a doguwa ne ake shan wuya don kunci sai ya kwanta a gindinta, wasu har kafaɗa suke canzawa. Ɗana mai tambaya, ka yi gwajin nan tun yanzu.

Manomin shinkafa, Auyo:
Mu nan da danko muke fama da jan-baki in shinkafa ta fara nuna. Ku lura da yaran da suka ƙware, ba mai kanne ido a cikinsu, tsuntsun kawai suke kallo su saki. Ƙananan ne masu koyo ke kannewa. Iyakar abin da na sani ke nan.

Tsohon soja, Bichi:
Gaisuwa ga manya. Ni duka biyun na yi kuma har yanzu ban yar da ko ɗaya ba. Abu na nesa da doguwar bindiga, kana kwance kana da lokaci, kanne ido na taimakona ƙwarai. Amma na kusa, in tsoro ya shigo zuciya na bugawa, ko ka ce za ka kanne jikinka ba zai yarda ba, idanun da kansu suke warewa, to gara ka saba da yadda jikinka zai yi tun a atisaye. Inda muke rufe ido ɗaya da gangan shi ne da dare, in haske mai ƙarfi ya tashi ko fitilar mota ta hasko, sai ka rufe ɗaya don kada ka makance gaba ɗaya, ido sai ya yi kusan minti 20 zuwa 30 kafin ya sake sabawa da duhu sosai. Sannan yaro ka ji wannan da kyau, kada son koyo ya sa ka je ka ari fistol wajen wani. A dokar makamai ta 1959 fistol tana cikin bindigogin da aka haramta, lasisinta sai daga shugaban ƙasa, ita harba-ka-ruga ma kwamishinan 'yan sandan jiha na da ikon hana riƙe ta ba da lasisi ba. Ka bari in Allah ya sa an ɗauke ka, ko makarantar 'yan sanda ta Wudil ko ta Kaduna, a can za a damƙa maka a koya maka bisa ƙa'ida.

Maharbi, Sumaila:
Na gwada abin Malam na Kazaure yanzun nan a ƙofar gida da bishiyar darbejiya, nawa dama ne, ashe dai daidai nake kannewa. Maganar sahu kuwa na karɓa ɗan'uwa na Birnin Kudu, zan kai ta gaban Sarkin Bakanmu kafin farautar rani. Amma a kan harba-ka-ruga ina nan a kan bakana, ba zan buɗe wa albarushi ido biyu ba.

Mai tambaya, daga Kura:
Na gode iyayena, Allah ya bar zumunci. Na yi gwajin, Hajiya irin naki ne, badame ne ni amma hagu ne jagora. Baba na Ringim, to in an je can aka ce kowa ya kanne hagu ya zan yi?

Tsohon ɗan sanda, Ringim:
Ka samu malamin a gefe kafin a hau layi ka gaya masa cikin ladabi, sun saba ganin irinku, shi zai nuna maka yadda za ka tsaya. Kafin nan ka dinga gwadawa da babban yatsanka, ka miƙe hannu ka ɗora shi a kan wani abu na nesa da ido biyu a buɗe, da farko za ka ga biyu-biyu, a hankali ƙwaƙwalwa za ta riƙe na idon hagun ta ƙyale ɗayan. Ka kuma je a duba maka idon a asibiti kafin lokacin tantancewa.