Abin da aka tattara kan zama likitan sa barci a Legas

'Yan'uwa, ga taƙaitaccen abin da aka faɗa wa ƙanenmu mai son fannin sa majinyata barci domin tiyata.

1. Hanyar ba gardama: shekara 6 na karatun likitanci, shekara 1 ta horon asibiti, bautar ƙasa, sannan jarrabawar farko ta Kwalejin Ƙwararrun Likitoci ta Ƙasa da ke Ijanikin ko ta Afirka ta Yamma. Daga nan sai neman gurbin horo a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Legas (LUTH), nan Idi-Araba, ko na Jami'ar Jihar Legas (LASUTH) a Ikeja.

2. Kowa ya yarda aikin ya wuce allurar barci. Kai ne mai duba majinyaci kafin tiyata, ka tsare numfashinsa da hawan jininsa da bugun zuciyarsa har ya farfaɗo. Allurar baya ta masu haihuwa da tiyata tana hannunka, haka sashen kulawa ta musamman. A ganina tsare numfashin ne ya fi muhimmanci, don minti kaɗan na rashin iska yana lalata ƙwaƙwalwa. Mai saurin ruɗewa ya sake tunani.

3. An rabu kan kuɗi. Wasu sun ce ƙarancin ƙwararru ya sa asibitoci masu zaman kansu suna nemanka. Wasu suka ce kwanan asibiti da cunkoson hanya suna cinye lafiya, shi ya sa da yawa ke tafiya Ingila ko Saudiyya.

4. Matan cikinmu sun roƙi 'yan mata su shigo fannin, saboda iyayenmu mata sun fi sakin jiki da likita mace.