Nisan Jidda zuwa Kano a jirgin sama

Mazaunin Jidda:
Assalamu alaikum. Mahaifiyata za ta koma Kano bayan Umara, kuma ƙafafunta na kumbura idan ta daɗe a zaune, shi ya sa nake neman sanin nisan tafiyar da awannin da za ta shafe a sama.

Baban Makka:
Wa alaikumus salam, ɗana. Daga filin jirgin Sarki Abdul'aziz zuwa na Malam Aminu Kano kimanin kilomita 3,400 ne a miƙe, kuma jirgin da bai yada zango ba yakan ci wajen awa biyar. Miƙaƙƙiyar hanyar tana ratsa Bahar Maliya, Sudan da Chadi, amma tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023 jirage da yawa suna kewaye sararin samaniyarta, tafiyar sai ta ƙara tsawo.

Hajiyar Madina:
Kada lokacin da ke kan tikiti ya ruɗe ka, domin agogon Saudiyya yana gaban na Najeriya da awa biyu. A ganina ka nema wa Mama kujerar bakin hanya, yadda za ta riƙa miƙewa tana ɗan takawa.

Mazaunin Jidda:
Na gode, Baba da Hajiya. Allah ya saka da alheri.