Wai ya za a yi mutum yana da hawan jini kuma a ce jininsa ya yi ƙasa?

Ɗan Bolari:

Assalamu alaikum jama'a. Don Allah masu ilimin lafiya a cikinmu ku taimaka min da bayani, abin nan ya ɗaure min kai. Innarmu ce, ta haura sittin, ta daɗe tana fama da hawan jini amma gaskiya shan maganin sai a hankali, in ta ji sauƙi ta ajiye, in kai ya dame ta ta ɗauko. To kwanakin baya ƙafafunta suka fara kumbura, in ka danna da yatsa sai wajen ya lotsa ya daɗe bai ciko ba, takalmin da take zuwa Islamiyya da shi ma ya daina shiga, kuma da daddare ba ta iya kwanciya a miƙe sai an tara mata filo ko ta kwana a jingine da bango saboda numfashi. Muka kai ta asibiti nan cikin Gombe aka auna BP 170/100, aka ɗebi jini aka ce PCV ɗinta 27 wai jini ya yi ƙasa, likita kuma ya ce zuciyar ce ta gaji.

Abin da ban gane ba, ta yaya jini zai hau kuma ya yi ƙasa lokaci guda? Kuma me ya haɗa zuciya da ƙafa? Yanzu gida ya rabu biyu, wasu na cewa a sayo mata maganin ƙarin jini na kwalba ko ma a ƙara mata ledar jini, wasu na cewa a'a jinin ne ya yi mata yawa shi ya sa take kumburi. Ni dai so nake in fahimta kafin mu koma ranar asibiti.

Maman Ummi (nas, Bauchi):

Wa alaikumus salam ɗan uwa, Allah Ya ba Inna lafiya Ya sa kaffara ne. Wannan tambayar kullum sai mun sha ta a wajen aiki, kuma abu biyu ne daban aka auna mata. BP ƙarfin da jini ke dannar bangon jijiya ne yayin da yake gudu. Lambar sama lokacin da zuciya ta matse ta turo jini ne, ta ƙasa kuma lokacin da ta saki tana cika. Mai lafiya yana wajen 120/80, in ana ta samun 140/90 zuwa sama shi ne hawan jini. PCV kuwa ba ruwansa da ƙarfin gudu, yana nuna kashi nawa ne jajayen ƙwayoyi a cikin jinin, don jini fiye da rabinsa ruwa ne, sauran kuma ƙwayoyi, kuma jajayen su ke ɗaukar iskar oksijin su kai wa kowace gaɓa. Mace babba ana son ta kai wajen 36 zuwa sama, to ka ga 27 ya yi ƙasa.

Ka taɓa ganin injin ban ruwa a gonakin Dadin Kowa ai. In tiyo ya tsuke ko ya ƙandare, injin sai ya yi ta gurnani yana aiki fiye da ƙima kafin ruwa ya isa gona, in aka daɗe a haka kuwa ƙarfinsa raguwa yake. Haka hawan jini ke yi wa zuciya, shekara da shekaru tana turawa cikin jijiyoyin da suka tsuke, naman ɓangaren hagu ya yi kauri, daga baya ya saki ya kasa fitar da duk jinin da ya shigo. Sai jinin ya taru a baya wajen huhu, ruwa ya tsattsafo cikin huhun, shi ya sa in ta kwanta a miƙe numfashi ke sarƙewa, in ta zauna ta ɗan samu sarari. In abin ya kai ga ɓangaren dama kuma, jinin da ya kamata ya dawo daga jiki sai ya yi cunkoso, ruwan ya fita daga ƙananan jijiyoyi ya kwanta a inda ya fi ƙasa, ƙafa kenan. Ƙoda ita ma da ta ji jinin da ke zuwa mata ya ragu sai ta riƙe gishiri da ruwa, kumburi ya ƙaru. Saboda haka abin da ke ƙafar Inna ruwa ne ba yawan jini ba.

Ƙarancin jinin kuma ƙara wa zuciyar wahala yake, tunda ƙwayoyin sun yi kaɗan dole ta riƙa bugawa da sauri don iskar ta wadata, ga ta kuma dama a gajiye. Amma don girman Allah kar ku matsa a ƙara mata leda da kanku, mai irin wannan ciwon in aka ɗura mata jini ba lissafi huhun ne zai ƙara cika, likita ne ke yanke wannan. Abin da za ku tambaya shi ne me ya jawo ƙarancin. A duba ƙodarta, don ƙoda ce ke fitar da sinadarin da ke sa ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyi, kuma hawan jini na lalata ƙoda a hankali. Sannan ka duba ledar magungunanta da kanka, tsofaffinmu da yawa suna shan diclofenac ko ibuprofen na ciwon gwiwa daga kemis kullum, wannan kuwa yana tada BP, yana sa jiki riƙe ruwa, yana iya sa ciki zubar da jini a ɓoye. In bayan gidanta baƙi ne wuluk ku faɗa wa likita.

Malamin Kimiyya, Kumo:

Hajiya Maman Ummi Allah Ya saka da alheri, kin gama magana. Ni dai zan ɗan ƙara yadda zagayen yake don ɗan uwa ya ga hoton gaba ɗaya. Zuciya ba ta wuce girman dunƙulen hannunka ba, ɗakuna huɗu gare ta, biyu sama biyu ƙasa, da ƙofofin da ke buɗewa gefe guda kawai don kar jini ya koma baya, rufewarsu ce wannan ƙarar da likita ke saurara a ƙirji. Jinin da ya gama aiki a jiki yana shigowa ta dama, dama ta tura shi huhu ya zubar da gurɓatacciyar iska ya ɗauko oksijin, ya dawo ta hagu, hagu ta watsa shi tun daga ƙwaƙwalwa har ɗan yatsan ƙafa. Babban mutum jininsa kusan lita 5 ne kuma ko yana zaune kusan duk minti ɗaya sai ya zagaye jiki, zuciya na bugawa tsakanin 60 da 100 a minti, wajen sau 100,000 a yini ba hutu, subhanallah.

Abin da ya fi burge ni in ina koyar da wannan darasin shi ne dawowar jini daga ƙafa, don hawa yake yi sama. Jijiyoyin dawowa suna da nasu ƙananan ƙofofin, kuma naman sha-raɓa ne ke matsa su duk lokacin da ka taka, shi ya sa ko mai lafiya in ya yi doguwar tafiya a mota, a ce daga Gombe zuwa Abuja a takure, sai ya sauka ƙafa ta yi nauyi. Kuma ina son ɗalibaina su sani, wanda ya fara bayyana cewa jini ta huhu yake bi daga dama zuwa hagu likita ne Musulmi, Ibnun Nafis, da ya yi aiki a Alƙahira ya rasu a 1288, shi kuma William Harvey na Ingila ya bayyana zagayen jiki gaba ɗaya a 1628.

'Yar Azare:

Allah Ya ƙara sauƙi yaya. Ni abin da zan ce ku kula da tukunya, don ko ta sha magani in miya na cike da gishiri da dunƙule aikin banza ne. Hukumar Lafiya ta Duniya cewa ta yi kar gishiri ya kai giram 5 a yini, kusan ƙaramin cokalin shayi ɗaya fa, mu kuwa a miyar kuka ɗaya sai mu jefa dunƙule huɗu mu ƙara gishiri mu ƙara kanwa. Kanwar ma kar ku raina ta, sinadarin da ke cikin gishiri yana cikinta. Ku riƙa ɗibar mata nata daban kafin a zuba, a sa mata daddawa da albasa da citta su ba shi ɗanɗano, da farko za ta ce salam amma baki na sabawa.

Ɗan Bolari:

Wallahi na gode ƙwarai, yanzu na gane. Anti Maman Ummi na duba ledar kuma akwai diclofenac ɗin, ta ce da shi take iya sallah a tsaye. Sai kuma wani ƙaramin magani da aka ba ta, tana ƙorafin yana sa ta fitsari ba ƙaƙƙautawa har tana so ta bari, ya za mu yi?

Maman Ummi (nas, Bauchi):

Kar ta bari sam, wannan fitsarin shi ne ruwan huhu da na ƙafa yake fita, aikinsa kenan. Ta riƙa sha da safe yadda ba zai hana ta barci ba, sai dai in likita ya tsara mata wani lokacin daban. Diclofenac kuwa ku ajiye shi, ku tafi da kwalin ranar asibiti a sauya mata wanda ba zai taɓa ƙoda ba. In da hali ku samu sikeli ku riƙa auna nauyinta kowace safiya kuna rubutawa, in ya ƙaru da kilo biyu cikin kwana biyu ko uku ruwa ne ke taruwa. In kuma kuka ga numfashi ya tsananta ko tana zaune, ko ciwon ƙirji, ko baki ya karkace, ko hannu ya saki, kar ku jira ranar da aka rubuta muku, ko tsakar dare ne ku nemi mota ku kai ta.