Tambaya: kai yara Griffith Observatory a yini ɗaya

Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna Los Anjeles. Muna son kai yaranmu Griffith Observatory, wato cibiyar kallon taurari da ke kan tsauni, amma lissafin lokaci ya ƙi yi mana. Babbar 'yarmu ta ƙwallafa rai a kan ganin wata ta babban madubin hangen nesa, wanda sai dare ake leƙawa. Ƙaninta kuwa shekararsa 4, kuma 'yan ƙasa da 5 wasan farko kaɗai ake barinsu shiga a zauren nuna taurari, tun da rana. Yini guda a saman tsauni zai galabaitar da shi. Shin mu sauka da bas ɗin DASH ya huta, mu koma bayan magariba? Wanda ya taɓa kai ƙananan yara, don Allah yaya kuka yi?